Annabi Irmiya: Manzon Da Mutanensa Suka Ƙi Saurara

Duk wanda ya yi nazarin Littafi Mai Tsarki na Kirista zai ci karo da wani labari da ke ta maimaita kansa tun daga Tsohon Alkawari har zuwa Sabon Alkawari, wato Allah Ya aiko manzo domin ya gargaɗi al'ummarsa, su kuma su toshe kunnuwa, su yi masa ba'a, wani lokaci ma su kai ga zubar da jininsa. Iliya ya tsere zuwa jeji saboda barazanar Sarauniya Yezebel, an kori Amos daga Betel, an jefe Zakariya ɗan Yehoyada har lahira a harabar Haikali, Yahaya mai baftisma kuwa fille masa kai aka yi a kurkuku. Sai dai duk cikin annabawan Tsohon Alkawari babu wanda aka bayyana wahalarsa dalla-dalla kamar Irmiya, wanda ya shafe sama da shekara 40 yana faɗa wa mutanensa abin da ba su son ji. Malaman tarihi na Musulunci irin su Ɗabari da Ibn Kasir ma sun kawo labarinsa da sunan Armiya.

Irmiya ɗan Hilkiya mutumin Anatot ne, wani ƙauye mai nisan kimanin kilomita 5 arewa maso gabas da Urushalima, wadda aka fi sani da Birnin Ƙudus. Gidansu gidan firistoci ne, wato malaman da ke hidimar ibada a tsakanin Bani Isra'ila. Ya taso a ƙasar Yahuza, wata 'yar ƙaramar masarauta da ke tsakiyar manyan dauloli uku: Assuriya wadda ƙarfinta ya fara ja da baya, Masar wadda ke son maido da tsohuwar martabarta, da kuma Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, wadda tauraruwarta ke tasowa. Mai karatu ya lura cewa duk shekarun rayuwarsa da za a ambata a nan na kafin haihuwar Yesu Almasihu ne, saboda haka lissafinsu raguwa yake yi.

Littafin da ke ɗauke da sunansa, mai surori 52, ya nuna cewa an kira shi zuwa ga annabci a shekara ta 13 ta mulkin Sarki Yosiya, wato wajen shekarar 627. Irmiya ya nemi ya zame, inda ya kawo uzurin ƙuruciya da rashin iya magana, amma ba a karɓi uzurin ba. Aikin da aka ɗora masa ya haɗa da tumɓukewa da rushewa, sannan ginawa da dasawa. Tun a ranar farko kuma aka shaida masa cewa sarakuna da fadawa da firistoci da talakawan ƙasar duk za su yaƙe shi, amma ba za su yi galaba a kansa ba. Ke nan bai shiga aikin da tsammanin yabo ba. An kuma hana shi aure, an hana shi zuwa gidan makoki da gidan biki, domin rayuwarsa ita kanta ta zama alamar bala'in da ke tafe, lokacin da ba za a samu mai binne wani ba, balle mai yi wa wani guɗa.

Ƙiyayyar farko daga gida ta fito. Mutanen Anatot sun ƙulla makircin kashe shi idan bai daina wa'azi ba, har aka gargaɗe shi da kada ya amince da daɗin bakin 'yan'uwansa na jini. Duk da haka, muddin Yosiya na raye yana da sauran sauƙi, domin kuwa sarkin mai son gyara ne, wanda a shekarar 622, bayan an gano littafin Shari'a a cikin Haikali, ya rushe wuraren bautar gumaka. Amma a shekarar 609 aka kashe Yosiya a Magiddo yayin da ya tari rundunar Fir'auna Neko. Masar ta ɗora ɗansa Yehoyakim a kan karaga, ta kuma aza wa ƙasar haraji mai nauyi, wanda sabon sarkin ya tatsa daga jikin talakawa.

A farkon mulkin Yehoyakim ne Irmiya ya tsaya a harabar Haikali ya yi wa'azin da ya kusa cin ransa. A wancan zamani jama'a sun sakankance cewa tunda ɗakin Allah yana cikin Urushalima, babu abin da zai taɓa birnin. Irmiya ya shaida musu cewa wannan ruɗin kai ne. Ya lissafa musu sata da kisankai da zina da rantsuwar ƙarya da suke aikatawa, sannan su zo ɗakin ibada suna ganin sun tsira, tamkar 'yan fashin da suka koma maɓoyarsu. Sharaɗin zamansu a ƙasar, in ji shi, shi ne su yi adalci a tsakaninsu, su daina zaluntar baƙo da maraya da gwauruwa, su bar zubar da jinin marar laifi da bin gumaka. In ba haka ba, Haikalin zai zama kufai kamar yadda tsohon wurin ibada na Shilo ya zama.

Nan take firistoci da annabawan fada suka cafke shi suna neman a yanke masa hukuncin kisa. Da hakimai suka zauna shari'a a bakin ƙofar Haikali, Irmiya bai janye ko kalma ɗaya ba. Ya ce yana hannunsu, su yi abin da suka ga dama, amma su sani alhakin jinin marar laifi zai hau kansu. Wasu dattawa ne suka cece shi, da suka tuna wa jama'a cewa kimanin shekara 100 da suka gabata Annabi Mika ya faɗi irin wannan magana a zamanin Sarki Hezekiya, kuma sarkin bai kashe shi ba, tsoron Allah ya ji. Wani annabin mai suna Uriya ɗan Shemaiya bai yi irin wannan sa'a ba. Ya yi wa'azi irin na Irmiya, ya gudu Masar, amma Yehoyakim ya aika aka kamo shi, aka sare shi da takobi, aka jefa gawarsa a maƙabartar talakawa. Kariyar wani babban bafade, Ahikam ɗan Shafan, ita ta hana Irmiya bin sahunsa.

Wannan bai sa ya sassauta wa sarki ba. Yehoyakim ya tsiri gina katafariyar fada mai rufin katakon al'ul da jan fenti, yana sa mutane aiki ba tare da biyansu haƙƙinsu ba. Irmiya ya fito fili ya la'anci wannan aiki, ya kwatanta sarkin da mahaifinsa Yosiya wanda ya ci ya sha amma ya tsaya wa talaka da mabuƙaci, ya kuma bayyana cewa tsayawa a kan haƙƙin talaka shi ne ainihin sanin Allah. Wani lokaci kuma ya tara dattawa a kwarin Hinnom, ya fasa tulu a gabansu domin nuna yadda za a farfasa birnin. A kan haka Fashur, shugaban masu tsaron Haikali, ya sa aka yi masa duka, aka saka shi a turu ya kwana a bainar jama'a.

Wani abin da ya bambanta littafin Irmiya da na sauran annabawa shi ne yadda ya fito da abin da ke cikin zuciyar manzon. Irmiya ya yi wa Ubangijinsa ƙorafi cewa ya zama abin dariya dare da rana. Ya taɓa yanke shawarar yin shiru, amma saƙon ya riƙa cin sa a ciki kamar wuta har ya kasa riƙewa. Ya kai ga la'antar ranar da aka haife shi. Ya yi kuka saboda mutanen da ke neman ransa, ya roƙa musu gafara har aka hana shi roƙon, a wasu lokutan kuma ya nemi a saka masa a kansu. Wannan ne ya sa Kirista ke masa laƙabi da annabi mai kuka, kuma al'ada ta jingina masa Littafin Makoki.

A shekarar 605 Nebukadnezzar na Babila ya ragargaza sojojin Masar a Karkemish, a bakin kogin Furatu, inda ya zama mai faɗa a ji a yankin baki ɗaya. A shekarar ce Irmiya, wanda aka riga aka hana shi shiga Haikali, ya kira magatakardansa Baruk ɗan Neriya, ya shifta masa wa'azinsa na shekara 23 a cikin naɗaɗɗen littafi. Da shekara ta zagayo, a wata ranar azumi, Baruk ya karanta littafin a gaban jama'a, sannan a gaban hakimai, waɗanda suka tsorata har suka ba shi shawarar ya ɓuya shi da maigidansa kafin su kai wa sarki labari.

Lokacin hunturu ne, sarki na zaune a ɗakinsa da kaskon wuta a gabansa. Duk sa'adda mai karatu ya karanta shafi uku ko huɗu, sai Yehoyakim ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya yanke, ya jefa a wuta, har littafin ya ƙone ƙurmus, duk da roƙon da hakimai uku suka yi masa na kada ya ƙona. Mahaifinsa Yosiya, da aka karanta masa littafin Shari'a, tufafinsa ya yage don nadama. Shi kuwa ɗan, littafin ya yage, ya kuma ba da umarnin kamo annabin da magatakardansa. Ba a same su ba. A maɓoyarsu suka ɗauki sabuwar takarda suka sake rubuta komai, har da ƙarin wasu maganganu masu yawa.

Ba a daɗe ba Yehoyakim ya yi wa Babila tawaye, ya mutu ya bar ɗansa Yehoyakin da jangwam. Bayan wata uku kacal a kan mulki, saurayin sarkin ya miƙa wuya a watan Maris na shekarar 597, ranar da allunan tarihin Babila su ma suka adana. Littafin Sarakuna ya ce an kwashe mutum 10,000 zuwa bauta, ciki har da hakimai da jarumai da maƙera da masu sana'a, tare da kayan Haikali. Nebukadnezzar ya naɗa Zedekiya, ƙanen mahaifin sarkin, wanda tarihi ya nuna mutum ne mai raunin zuciya da ke tsoron fadawansa.

A nan ne Irmiya ya fuskanci babbar jarrabawa, wato gogayya da masu wa'azin daɗin baki. Jakadun Edom da Mowab da Ammon da Taya da Sidon sun hallara a Urushalima domin ƙulla tawaye. Sai Irmiya ya rataya karkiyar shanun noma a wuyansa yana yawo da ita, yana cewa duk ƙasar da ta sunkuya wa Babila za ta rayu, wadda ta ƙi kuwa takobi da yunwa da annoba za su cinye ta. Wani annabi mai suna Hananiya, mutumin Gibeyon, ya tsaya a Haikali ya yi albishir cewa cikin shekara biyu za a karya ƙarfin Babila, kayan Haikali da bayi duk su dawo. Irmiya ya amsa da amin, ya yi fatan hakan ya tabbata, amma ya tunatar cewa mai albishirin zaman lafiya ba a gaskata shi sai maganarsa ta cika. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya, Irmiya ya kama hanyarsa. Daga baya ya dawo da saƙon cewa an karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta, kuma Hananiya ba zai ga ƙarshen shekarar ba. Bayan wata biyu Hananiya ya mutu.

Ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila kuwa, Irmiya ya aika da wasiƙa yana ba su shawarar su gina gidaje, su shuka gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi alherin birnin da aka kai su, har su riƙa yi masa addu'a, domin zaman zai kai shekara 70. Wannan shawara ta fusata masu zuga jama'a a can, har ɗaya daga cikinsu ya rubuto wa firistocin Urushalima yana tambayar dalilin da ya sa ba a ɗaure wannan mahaukaci ba.

Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho. Zedekiya ya dogara da alkawarin Masar ya yi tawaye, Babila kuma ta yi wa Urushalima ƙawanya. Da wuya ta yi wuya, masu hali suka yi alkawari a Haikali suka 'yanta bayinsu. Amma da rundunar Masar ta taso, Babilawa suka janye na ɗan lokaci, sai suka bi bayin suka sake kamo su. Irmiya ya yi tir da wannan yaudara, ya kuma ce maƙiyan za su dawo. A wannan ɗan sararin ne ya nufi ƙauyensu kan wata maganar gado, sai mai tsaron ƙofa ya kama shi da zargin zai koma wa abokan gaba. Aka yi masa duka, aka jefa shi a kurkukun ƙarƙashin ƙasa kwanaki masu yawa. Zedekiya ya sa aka kawo shi a asirce yana tambayar ko akwai wani saƙo daga Allah. Amsar ba ta canza ba: za a ba da sarki a hannun Babila. Abin da ya samu kawai shi ne an mayar da shi farfajiyar masu gadi, ana ba shi gurasa ɗaya a kullum.

Da ya ci gaba da kiran a miƙa wuya domin a tsirar da rayuka, wasu hakimai huɗu suka kai ƙararsa cewa yana karya gwiwar mayaƙa, kuma ba ya nufin al'umma da alheri. A gaskiya zargin yana da nauyi, domin babu ƙasar da ke cikin yaƙi da za ta ji daɗin irin wannan kira. Amma shi Irmiya ya ga abin da masu zuga ba su so su gani ba, wato yaƙin ba mai ciwuwa ba ne, kuma talaka ne zai biya kuɗinsa. Sarki ya ce ba shi da ikon hana su, sai suka zura shi cikin wata rijiyar tara ruwan sama wadda babu komai a cikinta sai taɓo, ya nutse a ciki. Wanda ya yi ƙarfin halin tunkarar sarki a bainar jama'a baƙo ne, wani bafade mai suna Ebed-melek, mutumin Kush, yankin Sudan ta yau. Shi ya samo izini, ya tattaro tsummoki ya zura wa annabin domin ya sa a hammatarsa kada igiya ta yanke shi, sannan aka jawo shi waje.

Binciken kayan tarihi ya ƙara haske a kan waɗannan kwanaki. A shekarar 1935 ta Miladiyya an tono wasu wasiƙu da aka rubuta a kan katangar tukwane a kufan garin Lakish, ɗaya daga cikinsu na ƙorafin cewa wasu maganganu na karya gwiwar jama'a, lafazi irin wanda aka tuhumi Irmiya da shi. Haka kuma a shekarun 2005 da 2008 an gano tambarin hatimi a jikin yumɓu a Urushalima ɗauke da sunayen Yehukal ɗan Shelemiya da Gedaliya ɗan Fashur, biyu daga cikin hakiman nan huɗu.

Abin mamaki, yana tsare ne ya yi aikin da ya fi kowane nuna kyakkyawan fata. Ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tallar wata gona a Anatot, a daidai lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin takalman abokan gaba. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa ya biya a gaban shaidu, ya sa Baruk ya adana takardun cinikin a cikin tulu domin su daɗe, alamar cewa wata rana za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Shi ne kuma ya yi albishir da wani sabon alkawari, inda za a rubuta shari'ar Allah a cikin zukatan mutane.

Bayan ƙawanya mai tsanani da yunwa, aka fasa ganuwar birnin, a shekarar da masana ke sanyawa 587 ko 586. Zedekiya ya sulale da dare, aka kama shi a filayen Yariko, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, aka ƙwaƙule masa idanu, aka tafi da shi Babila cikin sarƙa. Aka ƙone Haikali da fada. Babilawa suka ba Irmiya zaɓi, ko ya bi su a kula da shi, ko ya zauna. Da a ce ɗan amshin shatansu ne kamar yadda aka zarge shi, da wannan ce ranar karɓar lada. Sai ya zaɓi zama da talakawan da aka bari, ƙarƙashin gwamna Gedaliya ɗan Ahikam a garin Mizfa.

Ko a nan ma bai huta ba. Wani ɗan gidan sarauta mai suna Isma'ilu ya kashe gwamnan, jama'a suka firgita da ramuwar Babila. Suka roƙi Irmiya ya nema musu zaɓin Allah, suka rantse za su bi duk abin da ya faɗa. Bayan kwana 10 ya ce su zauna a ƙasarsu, kada su tafi Masar. Sai suka ƙaryata shi, suka ce Baruk ne ke zuga shi, suka tasa su biyun a gaba zuwa garin Tafanes na Masar. A can littafin ya bar shi, dattijo yana jayayya da mutanensa kan bautar wata gunkiya da suke kira sarauniyar sama. Ruwayar Kiristocin farko ta ce jifansa suka yi har ya mutu.

Sai bayan ransa aka gane darajarsa. A shekarar 539 Sarki Sairus na Farisa ya ci Babila, ya ba bayin izinin komawa gida, aka kuma kammala sabon Haikali kimanin shekara 70 bayan rushe na farko. Littattafan Tarihi da Ezra da Daniyel duk sun ambaci Irmiya da suna a matsayin wanda maganarsa ta cika, na Tarihi kuma ya danganta faɗuwar birnin da yadda mutane suka yi ta raina manzannin da aka aiko musu saboda tausayi. A Sabon Alkawari, Linjilar Matiyu ta nuna cewa wasu sun zaci Yesu shi ne Irmiya ya dawo. Da Yesu ya kori 'yan kasuwa daga Haikali, da kalaman wa'azin Irmiya ya yi musu faɗa. Shi ma a garinsu Nazarat aka fara ƙin sa, ya kuma ba da misalin manoman da suka doki bayin mai gonar inabi ɗaya bayan ɗaya har suka kashe ɗansa, ya zargi masu ƙawata kaburburan annabawa da gadon halin waɗanda suka kashe su.

Idan muka dubi wannan tarihi da idon basira, za mu ga cewa aikin manzo a cikin Littafi Mai Tsarki shi ne ya tsaya tsakanin Allah da al'umma, ya kai gargaɗi tun akwai sauran lokacin tuba, ya kuma roƙa wa mutane rahama. Za mu kuma ga cewa waɗanda suka ƙuntata wa Irmiya ba baƙi ba ne, danginsa ne da malaman addininsa da sarakunansa, kuma kowannensu yana ganin addini ko ƙasa yake karewa. Sun yi amfani da duka da turu da kurkuku da wuta da rijiya, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rage sojan Babila ko guda. Abin da suka cimma kawai shi ne sun hana kansu jin shawarar da za ta tsirar da birninsu. Har yau duk al'ummar da ta fifita masu faɗa mata abin da take so a kan masu faɗa mata abin da yake akwai, tana bin hanyar da Yehoyakim da Zedekiya suka bi. Allah Ya ba shugabanni haƙurin jin gaskiya, Ya kuma ba na kusa da su irin zuciyar Ebed-melek.